Murfi Takwas a Gwangwanin Sakan

Shafi na 19

Masu cewa jiya na bar ku a tsaye a bakin ƙofa, ku yi haƙuri, ku shigo ciki. Yau ce ranar jan ruwa na shida.

*

Mai Agogo ya iso asibiti, ɗakin masu ciwon dajin ƙashi, tun ba a gama goge ƙasa ba. Agogon bangon ɗakin yana nan yadda ya bar shi jiya, ya makara da minti bakwai. Wata biyar ke nan yana roƙon a bar shi ya gyara, ana ce masa sai an rubuta takarda.

Jikarsa tana gado na huɗu, jikin tagar nan da ba ta buɗuwa sai faɗin tafin hannu. Shekararta goma sha shida. Sakan yake kiranta tun tana rarrafe, don ba ta taɓa tsayawa wuri ɗaya ba, kamar siririn tsinken nan na agogo. Yanzu an yanke mata ƙafar hagu daga saman gwiwa, kanta kuma babu ko silin gashi.

A zaune ya same ta, filo uku a bayanta. Jiya biyu ne.

"Tsoho, ka makara," ta ce.

"Agogon ɗakinku ne ya makara. Ni ban taɓa ba."

"To me ka kawo wa matarka?"

"Kunnena."

"Kullum kunne. Wasu mazan turare suke kawowa."

Ta yi dariya, dariyar ta tsinke a tsakiya, ta tsaya tana neman numfashi kamar wadda ta hau bene da gudu. Ya yi kamar bai gani ba, ya ja kujera.

"Ina kika samo filo na uku?"

"Na mai gado na biyu ne. An sallame ta."

"Me ya hana ki kwanciya?"

"In na kwanta ba na ganin zanzaron can."

Ya duba. Akwai zanzaro kuwa, ya maƙale tsakanin gilashin taga da ragar sauro. Kwana uku yana hawa yana sauka, bai gane ta inda ya shiga ba.

Mai Agogo ya sunkuya ya ɗauko takalminta a ƙarƙashin gado. Guda ɗaya ne, na dama. Igiyarsa a kwance gaba ɗaya, an zare ta daga ramuka.

"Ya matse," ta ce da sauri. "Girma nake yi."

Ya ɗaga bargo. Ƙafar ta kumbura har idon sawu ya ɓace. Ya danna da babban yatsa ya ɗauke, gurbin ya zauna, bai ciko ba.

"Juya min baya."

"Kaka..."

"Juya."

Ta juya. Ya ɗora kunnensa a bayanta ta gefen hagu, ya fito da agogon aljihunsa ya riƙe a tafin hannu. Shekara hamsin da ɗaya yana sa wa agogo kunne. Mai lafiya abu biyu yake faɗa, ya huta, ya sake faɗa. Na jikarsa uku yake faɗa. Tik, tak, sai wani ɗan ƙarami ya biyo baya a guje, kamar wani ƙarfe ya kwance a ciki yana bin ƴan uwansa. Ya ƙirga har tsinken ya zagayo. Ɗari da goma sha takwas.

"Me ka ji?"

"Na ji ana cewa ki saki tsoho ki auri saurayi."

"Ƙarya kake yi."

Ya mayar da agogon aljihu. Ta riƙo hannun rigarsa, ta yi ƙasa da murya.

"Kaka, kar ka faɗa wa Likita. Ɗaya ya rage. Abba ya ce in an gama na yau, jibi muna gida. Na gaji da ɗakin nan, Kaka. Na san tsagar silin ɗin nan kaf, goma sha huɗu ne."

"Sha biyar. Akwai ɗaya a bayan fanka."

"Ka gani? Kai ma ka gaji."

*

Ƙarfe tara saura kwata Likita ta shigo zagaye, Sista na biye da ita da tarin fayil a ƙirji. Iyayen Sakan suka shigo a bayansu. Ummanta na goye da ƙaramin ƙanenta, Abbanta kuwa, wanda kowa ke kira Direba, yana kaɗa makullin mota a yatsa. Ɗan Mai Agogo ne na fari.

Likita ƙaramar mace ce mai saurin tafiya, gilashinta ɗaure da zare a gefe ɗaya. Gado ashirin da biyu ne a wuyanta a safiyar.

"Gado na huɗu. Yau ce ta ƙarshe ko? Yaya numfashi?"

"Lafiya lau," in ji Sakan.

"Kina kwanciya?"

"Kamar gawa."

"Ke, bakinki!" in ji Umma.

Likita ta sa abin sauraro a ƙirjinta. A daidai lokacin mai goge ƙasa ya tayar da injinsa a baranda, ɗakin ya cika da gurnani. Likita ta yamutsa fuska, ta matsar da abin, ta sake matsarwa.

"Tana sauri. Jininta ya yi ƙasa, yana iya sa haka."

"Likita," in ji Mai Agogo. "Ni uku na ji."

"Uku me, Baba?"

"Sauti uku. Na ukun ƙarami ne, yana biyo baya."

Direba ya yi dariya, dariyar da ta fi ƙarfin maganar.

"Likita, ki rabu da Baba. Agogo yake gyarawa. Ko kaza ya gani sai ya ce ta makara da minti biyu."

Sista ta murmusa. Likita ba ta murmusa ba. Ta ɗaga bargo ta ga ƙafar, ta danna.

"Wannan fa?"

"Saukar da ita na yi jiya tun safe ina kallon waje," in ji Sakan.

"Kuma leda huɗu ta ruwa muka ba ta," in ji Sista.

Likita ta buɗe fayil ta daɗe tana kallon takarda ɗaya. Sannan ta cire gilashin ta juyo wurin iyayen.

"Ku saurare ni. Na faɗa muku ranar farko, zan sake faɗa. Jan maganin nan yana kashe dajin, amma yana cin naman zuciya kaɗan kaɗan. Kuma zuciya ba ta manta shi. Wanda aka ba mutum bara, da wanda aka ba shi bana, duk tarawa take yi har ƙarshen rayuwa. A girman jikin yarinyar nan, shida ce katangata. Ba na haura ta ko da wa aka haɗa ni."

"Mun gane, Likita," in ji Direba.

"Hoton zuciyarta na watan jiya ya sauka fiye da yadda na so. Bai ƙetare layi ba, amma ya sauka. Na nemi a sake, sun ce layi sai nan da kwana goma sha biyu. In na jira, dajin ya sami hutu, kuma huhu yake nufa in ya huta. In ban jira ba, na dogara da lissafi ke nan. Lissafi ya ce biyar ta sha, tana da wurin ɗaya."

Ta mayar da gilashin.

"Don haka zan sake tambaya. An taɓa ba ta wannan maganin a wani wuri kafin ku zo nan?"

"A'a," in ji Direba.

"Ko sau ɗaya? Ruwa ja, mai sa fitsari ya yi ja?"

"Wallahi ba a taɓa ba, Likita," in ji Umma, har da ɗora hannu a ƙirji. "Ƙarin ruwa kawai aka yi mata a wani asibiti lokacin ina jego. Na ƙarin ƙarfi. Ko ba haka ba, Abban Sakan?"

"Haka ne."

Mai Agogo ya buɗe baki. Ya ji yatsun Sakan sun damƙe hannun rigarsa ta ƙarƙashin bargo. Ya ɗaga kai, idon ɗansa na kansa. Ya rufe bakin.

Likita ta sa hannu a takarda.

"Sista, a ba ta maganin fitar da ruwa. Ƙarfe goma a ɗaura jan."

Ta wuce gado na biyar.

*

Akwai wata matattakala a ƙarshen baranda da ba a bi, don ƙofarta ta ƙasa a ɗaure take da sarƙa. Nan ake tara karyayyun kujeru masu taya. Mai Agogo ya ja ɗansa can, ƙofar sama ta rufe a bayansu da kanta.

"Ka rantse a gaban Likita."

"Ban rantse ba, Baba. Ita ce ta rantse."

"Ka bar matarka ta rantse a kan abin da ba ta sani ba. Wannan ya fi."

"Baba, don Allah ka rage murya."

"Sau uku na raka ku wancan asibitin. Ni na riƙe mata roba tana amai. Da idona na ga jan ruwan nan yana shiga hannunta. Uku can, biyar nan. Makarantata ba ta yi nisa ba, amma na san takwas ta wuce shida."

Direba ya kau da kai. Ya sa makullin mota a aljihu, ya sake fito da shi.

"Ɗaya ya rage, Baba."

"Na ji."

"Ɗaya tak. A gama, mu fita. In akwai gyara a zuciya, sai a yi daga baya."

"Wa ya ce maka tana gyaruwa?"

"Kai ne likita?"

"Ni ba likita ba ne. Likitar ka yi wa ƙarya."

Direba ya jingina da ƙofar. Ya cika ta, don ya fi ubansa faɗi sau biyu.

"Ka san yadda aka yi, kana nan. Can suka ce sai an yanke ƙafa. Na ce ba za a yanke wa ƴata ƙafa ba, na sa ta a mota na gudu da ita. Wata huɗu ina yawo da ita wurin masu shafe-shafe da masu jiƙe-jiƙe, gwiwar tana girma kamar tulu. Da muka zo nan, wani a bakin layi ya ce min duk wanda ya gudu daga wani asibiti ba sa karɓarsa. Matar da ke rubutu ta tambaye ni, an taɓa mata magani? Na ce a'a. Kalma ɗaya, Baba. Ina tsaye, yarinya na kuka a kafaɗata."

"Na sani. Ranar ban ga laifinka ba."

"To?"

"Ranar jan ruwa na biyu fa? Na uku? Na huɗu? Sau nawa Likita ta tambaya?"

"Kullum ina cewa gobe zan faɗa."

"Yau ce goben."

"In na faɗa yanzu za su tsayar da magani. Ka ga yaron gado na tara? An tsayar masa, wata biyu abin ya cika masa huhu. Ina nan aka naɗe katifarsa."

"Shi Likita ta san abin da ta tsayar. Ita wannan a makance take tuƙi, kai ka rufe mata ido. Kai direba ne, za ka yarda?"

Wani ƙadangare ya leƙo daga bayan kujerun, ya gyaɗa kai sau uku, ya koma.

"Ba maganin ne matsalarka ba," in ji Mai Agogo.

"Baba..."

"Uwar yarinyar nan kake tsoro."

"Ƙafar da na gudu da ita, an yanke ta. Har yau in matar nan tana wanke wa Sakan dungun, ba ta kallona. Ba ta ce min komai ba, amma ba ta kallona. Yanzu in je in ce mata zuciyar ma ni ne? In ce na sa ƴarta ta yi mata ƙarya shekara guda?"

"Kai ka sa yarinyar ta yi alkawari?"

"A mota. Na ce kar ta faɗa wa kowa, ko Ummanta."

"Tana kwana a zaune saboda alkawarinka. Tana ɓoye ƙafa a bargo. Yarinya ce ke ɗauke da kayanka, kai kana kaɗa makulli."

Idon Direba ya kaɗa ya yi ja.

"To je ka faɗa. Wa zai yarda? Katin can na yaga shi tun a hanya. Ba takarda, ba shaida. Za su ce tsoho ne mai jin sauti a bango."

"Matsa min."

"Ba zan matsa ba, Baba. Ka yafe min. Sai an ɗaura."

Mai Agogo ya fito da agogonsa. Goma saura minti biyu. Ya tuna na bangon ɗakin ya makara da bakwai, ya ce a ransa yana da tara. Ƙofar ƙasa da sarƙa, ƙofar sama da ɗansa. Bai taɓa ɗaga wa yaron nan hannu ba, kuma ko ya ɗaga yau ba abin da zai yi.

Sai ya zaro ɗan sukudireban da ke aljihun gabansa, ya fara buga ƙarfen matattakalar.

Tik, tak, ta.

Tik, tak, ta.

"Me kake yi?"

"Abin da ke ƙirjin ƴarka. Tunda ba ka taɓa sa kunne ba."

Tik, tak, ta.

"Daina."

Ya ƙara sauri, daidai yadda ya ƙirga, ɗari da goma sha takwas. Ƙarfen ya ɗauki sautin ya kai shi ƙasa, ya bugi ƙofar sarƙa, ya dawo sama. Matattakalar duka ta zama ƙirji ɗaya.

"Baba, daina!"

Bai daina ba.

Direba ya zame jikin ƙofar a hankali har ya zauna a ƙasa, ya toshe kunnuwansa da hannu biyu kamar yadda yake yi yana yaro in ana tsawa. Mai Agogo ya tsallake ƙafafunsa, ya ja ƙofar iya yadda za ta buɗu, ya kutsa.

*

Agogon bango ya ce goma saura biyu. Amma ledar tana rataye.

An lulluɓe ta da baƙar riga don haske, jan yana leƙowa ta ƙasa. Siririyar robar da ta sauko zuwa hannun Sakan cike take da farin ruwa, jan kuma yana bin bayansa a hankali, kamar tururuwa a kan igiya. Ya wuce rabi.

"Sista, lokaci bai yi ba!"

Sista ta ɗaga wayarta daga gado na shida.

"Goma da biyar, Baba. Wa yake duba wancan agogon?"

Bai san ƙafafunsa suna da sauran gudu ba. Ya isa gadon, ya kama robar ƙasa da inda jan ya kai, ya lanƙwasa ta biyu ya matse. Tsakanin yatsunsa da hannun jikarsa bai fi tsawon ɗan yatsa ba.

"Innalillahi! Baba, me ke nan?" in ji Umma.

"Kaka, saki!"

"Baba, ka cire hannunka!" Sista ta taho a guje. "Wannan ba abin wasa ba ne, in ya fashe ya taɓa fatarka sai ya ƙone ka!"

"Ya ƙone. Kira Likita."

"Zan kira masu gadi!"

"Kira su duka. Amma ki fara da Likita."

Sista ta murza ɗan makullin robar ta rufe, ɗigon ya tsaya. Duk da haka bai saki ba. Masu jinya na sauran gadaje sun miƙe tsaye. Wata tsohuwa mai jinya a gado na biyar ta ce, "Dama na faɗa, mutumin nan da agogo yake hira."

Likita ta shigo da biro a hannu.

"Wa ya rufe min robar magani?"

"Ni na sa," in ji Mai Agogo. "Likita, kin ce lissafi kike bi. Ina son ki ga wani lissafin. Umman Sakan, ƴata, buɗe akwatin gefen gado. Akwai gwangwani a cikin safa."

"Kaka, a'a!"

"Wane gwangwani?" in ji Umma.

"Na ƙananan kusoshin agogo. Ni na ba ta."

Umma ta lalubo shi. Ɗan gwangwani ne mai faɗi, fentinsa ya goge. Sakan ta kai hannu za ta fizge, numfashi ya ƙwace mata, ta koma jikin filo tana haki.

"Zuba a kan bargo."

Umma ta zuba. Ƙananan murafun kwalba ne na roba, jajaye, kowanne bai fi farce ba.

"A'a, waɗannan ai ni nake ba ta," in ji Sista. "Duk ranar jan ruwa sai ta ce in wanke mata murfin kwalba ɗaya in kawo. Ta ce tarawa take yi. Na yau ma yana aljihuna."

"Sau nawa kika ba ta?" in ji Likita.

"Biyar."

Likita ta sa bakin biro tana ture su ɗaya ɗaya. Biyar masu haske ne, da ɗan zane a tsakiya. Ta ware su gefe. Saura uku, jansu ya yi duhu, bakinsu a lanƙwashe, ba irin na nan ba.

Ana jin fukafukin zanzaron a gilashi.

"Waɗannan biyar na san su," in ji Likita. "Ukun nan na wa ne?"

"Nata ne," in ji Mai Agogo. "Daga wancan asibitin. Ina wurin."

"Wane asibiti?" Umma ta juyo. "Baba, ƙarin ruwa ne fa. Na ƙarin ƙarfi. Haka aka ce min."

"Ja ne, ƴata."

Umma ta dafa ƙarfen gado. Yaron da ke bayanta ya fara kuka, ba ta ko jijjiga shi ba.

Likita ta zauna a bakin gado, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta kalli Sakan.

"Ke nake tambaya. Ba Kakanki ba, ba Ummanki ba. Ba wanda zai kore ki, ba wanda zai yi miki faɗa. In naki ne, zan sauke ledar nan yanzu mu nemi wata hanya. In ba naki ba ne, zan buɗe, don ba zan ba dajin nan kwana goma sha biyu a kan murfin roba ba. Ki faɗa min gaskiya."

Sakan ba ta kalli Likita ba. Ƙofa take kallo.

Direba na tsaye a can, hannu ɗaya a jikin katako, bayan wandonsa duk ƙurar matattakala.

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta juyo wurin Likita.

"Ba nawa ba ne."

"Sakan!" in ji Mai Agogo.

"Tsinta na yi, Likita. A kwandon shara. Kaka ya tsufa, yana haɗa abubuwa. Jiya ma ce min ya yi wai zanzaro yana gaishe shi." Ta tsaya ta ja numfashi. "Ki buɗe. Ina son in je gida."

Umma ta sauke ajiyar zuciya. Sista ta kalli tsohon da tausayi, ta sa hannu a kan nasa.

"Baba, saki haka nan. Hannunka rawa yake yi."

Rawa yake yi kuwa. Yatsun da suka yi shekara hamsin da ɗaya suna ɗaukar kusar da ido ba ya gani sun fara mutuwa a kan robar. Ya ji tana zamewa.

Likita ta miƙe. Ta kalli murafun uku, ta kalli yarinyar, ta kalli tsohon. Ta ɗora babban yatsa a kan makullin robar, ba ta murza ba.

"Malam," ta ce, ba tare da ta juya ba. "Kai ne ubanta. Kai ka sa hannu a takardar farko. Ban ji bakinka ba."

Makullin mota ya faɗi ƙasa.

Direba bai sunkuya ya ɗauka ba. Ya tako, taku ɗaya, biyu, ya tsaya a ƙarshen gadon, inda bargo ya kwanta shafal a gurbin ƙafar da babu.

"Abba, kar ka..."

"Ya isa, uwata. Na sauke miki."

Ya juya wurin Likita, bai yarda ya kalli matarsa ba.

"Nata ne."

Likita ta ɗauke yatsanta daga makullin.

"Uku," ta ce a hankali. "Da biyar. Takwas."

"Ba uku ba ne."

Mai Agogo ya ɗago kai.

"Akwai wanda Baba bai raka mu ba, yana kwance da zazzaɓi. Murfinsa ya faɗi a mota, mun neme shi ba mu gani ba. Huɗu ne, Likita."

Biron ya tsaya a hannun Likita. Ta kalli Sista.

"Sauke ledar. Kawo keke. Ki kira ɗakin hoton zuciya ki ce musu ina zuwa da kaina, yanzu, ko wa ke kan gadon a ɗaga shi."

Sista ta ruga. Umma ta kwance goyon ta miƙa wa tsohuwar gado na biyar ba tare da ta san wa ta ba ba, ta zagayo ta tsaya a gaban mijinta. Yau kam ta kalle shi.

Mai Agogo ya buɗe yatsunsa da ɗaya hannun, don sun ƙi buɗuwa da kansu. Robar ta zauna a lanƙwashe. Jan yana nan inda ya tsare shi.

Sakan ta tattara murafun takwas a tafin hannunta, ta rufe. Ta ja rigar Likita.

"Likita."

"Na'am."

"Kin ce shida ce katanga."

"Na ce."

"To wanda ya kai tara, me ke bayan katangar?"